Katin Da Ba Ya Tambayar Mai Shi

Kafin ki ci gaba da karatu, ɗauko katin bankinki ki duba. In kin ga wasu 'yan layuka huɗu lanƙwasassu a jikinsa, kamar zoben da ruwa kan yi in an jefa tsakuwa, to, zancen yau naki ne. Irin wannan kati ba sai an cusa shi cikin na'ura ba. Da kin kanga shi a jikin na'urar mai kanti, sai ki ji ƙit, an biya. Ba a tambaye ki lambar sirri ba, ba a tambayi ko ke wace ce ba.

Ga yadda abin ya ke. Cikin katin akwai wata siririyar waya da aka naɗe, sa'an nan da ɗan guntun ƙarfe mai riƙe da labarin asusunki. Katin ba shi da batir, daga na'urar ya ke samun ƙarfin yin magana. Saboda haka ba su jin juna sai sun kusanci juna ƙwarai, kamar santimita 4, watau faɗin yatsu biyu ko uku.

A Ingila an fara wannan tun 2007, sa'an nan kuwa iyakar abin da a ke biya haka fam 10 ne. Suka yi ta ɗagawa, har a 2021 ya kai fam 100. A Nijeriya, Babban Banki ya kafa ƙa'idarsa a 2023: ciniki ɗaya kada ya wuce Naira 15,000, a yini kuma kada a haura Naira 50,000. In ya wuce haka, lalle sai mai kati ya tabbatar da kansa, ko da lambar sirri ko da wata shaida.

To, abin da mata suka fi tsoro shi ne wai ɓarawo zai ɓoye na'ura cikin riga, ya matse ki a kasuwa ko a mota, ya zuƙe kuɗinki ba ki sani ba. Tsoron nan ba na banza ba ne ɗungum. A 2015 wata ƙungiyar kare masu sayayya ta Ingila, mai suna Which?, ta gwada. Suka sayi 'yar na'ura mai arha, suka karanto lambobin kati 10, har suka yi odar talabijin ta fam 3,000 ta intanet da abin da suka karanto.

Amma ki kwantar da hankalinki kaɗan. Na'ura ba ta iya karanto lambar sirrinki, ba ta kuma ganin lambobi ukun nan na bayan kati. Kowane ciniki kati na ƙirƙiro masa sabuwar shaida wadda ba ta aiki sau biyu. Har wa yau, na'urar karɓar kuɗi a ɗaure ta ke da asusun wani mutum wanda banki ya san sunansa. Wanda ya yi sata da ita ya bar sawunsa a fili.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Babban haɗarin ba ya ga ɓarawon da ba ki gani, yana ga katin da ya bar hannunki. Dā in kin yar da kati, wanda ya tsinta ba ya iya cire kuɗi da shi a na'ura, don ba shi da lambar sirri. Yanzu kuwa tsintar kati daidai ta ke da tsintar kuɗi. Sai ya shiga kanti ya sayi na Naira 15,000, ya fita ya shiga na gaba, kafin la'asar ya cinye Naira 50,000. In kika kwana ba ki lura ba, gobe ya sake. Ki auna wannan da kuɗin cefanenki na wata, ko kuɗin makarantar yara da kika daɗe kina tarawa.

Don haka ga 'yan shawarwari. Da fari, kada ki ba yaro katin nan ya tafi aike. Yaro ba mugu ba ne, amma aljihunsa ya san ɓula, hankalinsa kuma na ga wasa. Ki ba shi kuɗin da a ke bukata kurum.

Na biyu, in za ki biya, ke za ki kanga katin da hannunki. Kada ki miƙa wa mai kanti ko mai POS ya juya miki baya da shi. Ki karanta adadin da ke jikin na'urar tukuna, gama sifiri ɗaya ne tsakanin 1,500 da 15,000.

Na uku, ki sa banki ya riƙa aiko miki da saƙo a waya duk sa'ad da kwabo ya fita. Ki kuwa riƙa karantawa nan take. Ku 'yan makaranta, ga taimakon da za ku yi wa iyayenku mata waɗanda ba su iya karatu ba.

Na huɗu, yau ɗin nan ki nemi lambar da a kan buga a rufe kati. Yawancin bankuna suna da ita, wasu ma ana iya bugawa daga wayar maƙwabciya. Ki rubuta ta a takarda ki adana cikin adaka, ba cikin jakar da katin ya ke ba. Ranar da kika laluba ba ki ji kati ba, ki rufe shi tukuna, sa'an nan ki shiga ɗaga katifa. Kada kunyar maigida ko tsoron faɗansa ya sa ki yi shiru ki kwana. Faɗa na wucewa, kuɗin da aka ci kuwa da wuya su dawo.

Na biyar, in ba ki bukatar irin wannan biya, ki tambayi bankinki ko za su kashe miki shi, ko su rage iyakarsa. Kuɗin ajiya kuma ki raba shi da asusun cefane.

Katin nan ba abin gudu ba ne, yana rage tsayuwa a layi da wahalar neman canji. Sai dai ki riƙe shi yadda kakanninmu suka riƙe kuɗinsu a bakin zane. Allah ya tsare mana abin da muka tara. Sai mako mai zuwa.