Gidan Madaki: Ginin Ƙasa da Ya Haura Shekara 160 a Tsaye

Wanda duk ya fita daga birnin Bauchi ya miƙa arewa bisa hanyar Ningi, in ya ci wajen kilomita 45, zai iso Kafin Madaki, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. Galibin matafiya wucewa suke yi, ba su san cewa a cikin garin nan akwai wani gida na ƙasa wanda tun 1956, kafin samun mulkin kai, aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya ba. Shi ne Gidan Madaki.

An gina shi wajen 1860, a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu. Lokacin nan kuwa arewacin ƙasar Bauchi ba wurin barci da ido biyu rufe ba ne, gama Ningawa sun yi ƙarfi a kan duwatsunsu, suna kai hari Bauchi da Kano da Zazzau. Sunan garin ma ya isa shaida: kafi, watau wurin da aka kange saboda tsaro. Can aka zaunar da Madaki ya tsare ƙofa, aka kuwa gina masa gida daidai da girman sarautarsa.

Maginin da ake danganta aikin da shi ba ɓoyayye ba ne. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, mutumin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Masu ba da labarin baka sun ce wani sarki ne ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya nuna yadda mutanen dā suka ɗauki gwanintarsa.

To, mene ne abin kallo a ginin ƙasa? Ai sai mutum ya shiga soro ya ɗaga kai. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma gajera ce, ba ta iya ɗaukar nauyin rufi mai faɗi ita kaɗai. Dabarar magina ita ce su dasa azara cikin bango, su ɗaura wata a kanta tana ɗan karkata ciki, su bi da ƙasa su lulluɓe, su bari ta bushe, sa'an nan su ƙara wata, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In an gicciya bakuna da yawa sai a sami ɗaurin guga, rufi mai tsawo wanda ba ya bukatar ginshiƙi a tsakiya. Bangon kansa na tubali ne da aka mulmula da hannu, mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, shi ya sa ɗakin ke da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu. Ba ƙarfe, ba siminti.

Amma fa ginin ƙasa kamar dabbar gida yake, sai da kiwo. Kowace damina tana cin rabonta. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, to, azara ta kama ruɓewa ke nan. Saboda haka a dā ba a barin shekara ta juyo ba a yi yaɓe ba, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Wasu a yau sun ɗauka siminti ne magani. Ba shi ba ne: siminti ba ya kama ƙasa, danshi yakan taru a bayansa, bango ya rube daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi.

Dokar kare kayan tarihi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979 suna iya hana a rushe gida irin wannan, amma takarda ba ta yaɓe. Abin da ya sami masallacin Zariya ya isa jan kunne, inda a shekarun 1970 aka rufe abin da ya rage na tsohon ginin cikin sabon gini na kankare, har mai son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos ya kalli kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, mutanen gari ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, maginansu na gaba, yara na ɗauko ƙasa, da haka sana'ar ke wucewa daga hannu zuwa hannu.

Bauchi tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda ake koyar da zanen gine-gine. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba ke tsakaninta da Kafin Madaki. Ya kamata a riƙa kai ɗalibai can da rani, a haɗa su da tsofaffin magina da suka rage, a biya maginan nan ladan koyarwa, ɗaliban kuma su tuɓe takalma su shiga kwaɓin ƙasa.