Ɗura Harsashin Magnum da Hannu: Gaskiya da Jita-jita

A Amurka, da yawa daga masu wasan harbin allo da libarba suna sake ɗura harsasansu a gida. Harsashi kashi huɗu ne: kwanson tagulla, 'yar hular ƙyastu da ke gindinsa, albarushi, da kan dalma. Bayan harbi kwanso kaɗai ke saura. Shi ake tsincewa a wanke, a matse shi a ƙaramin injin hannu ya koma girmansa na asali, sannan a sa masa sauran ukun sababbi.

Jita-jitar farko ita ce wai masu wannan aiki suna haɗa albarushi da kansu. Ba haka ba ne. Albarushi marar hayaƙi daga masana'anta ake sayensa, iri-iri, wani mai saurin ci, wani mai ci a hankali. Ya sha bamban da baƙin albarushin da maharba ke ɗura wa harba-ruga, kuma zuba marar hayaƙin a irin wannan bindiga na iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Da sikeli ake awonsa, da ma'aunin giren, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba, bisa adadin da kamfanoni irin su Hodgdon da Lyman suka gwada suka buga a littattafansu.

Sunan magnum ya jawo wa aikin wani ruɗanin. An fito da .357 Magnum a 1935, .44 Magnum kuma a tsakiyar shekarun 1950, sai fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa na biyun ya yi suna a duniya. Daga nan wasu suka ɗauka mai ɗura harsashi ƙarin ƙarfi yake nema. Akasari akasin haka ne. Mai harbin allo na takarda ya fi son ɗuri mai sauƙi, domin ƙarfin da ya wuce kima yana dukan tafin hannu, yana koya wa maharbi zabura kafin ya ja kunama, saiti ya lalace. Wuce iyaka kuwa ganganci ne: ƙungiyar SAAMI mai tsara ƙa'idojin harsasai ta ƙayyade matsin .357 Magnum a fam 35,000 kan kowane inci murabba'i, fiye da ninki biyu na .38 Special mai 17,000. Shi ya sa aka ƙara wa kwanson .357 tsawon kusan milimita 3, don kada ya shiga libarbar .38, alhali harsashin .38 na shiga ta .357 lafiya lau.

Maganar da ta fi haɗari ita ce wai rage albarushi ba ya cutarwa. Idan ya yi kaɗan ainun, ko aka manta ba a zuba ba, ƙyastun kaɗai na iya tura dalma ta maƙale a tsakiyar bututu. Ƙarar takan fito a raunane, kuma idan maharbi bai lura ba ya sake harbi a kanta, bututun na iya kumbura ko ya fashe. Akwai kuma albarushi mai ci a hankali, kamar H110, wanda masu yinsa suka yi gargaɗin kada a rage shi sosai. Ta ɗaya gefen, kwanson magnum yana da zurfi, har awo biyu na albarushi mai sauri kan shige ciki ido bai gani ba. Saboda haka ƙwararru ke jera kwansuna a faranti, su haska su ɗaya bayan ɗaya kafin su ɗora dalma.

Gaskiya ne cewa sai an matse bakin kwanso sosai a kan dalma. In ba haka ba, girgizar harbi takan zaro dalmar sauran harsasai har ta hana gangar libarba juyawa. Batun gubar dalma ma gaskiya ne, tana cikin ƙurar kwanso da hayaƙin ƙyastu, don haka ba a ci ba a sha a teburin aikin, kuma wanke hannu wajibi ne.

Batun araha rabinsa gaskiya ne. Kwanso yakan yi zagaye da yawa kafin bakinsa ya tsage, amma inji da sikeli kuɗi ne, sai mai yawan harbi ke mayar da su.

Doka kuwa ta danganta da ƙasa. Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi ga wanda ke ɗurawa don amfanin kansa, amma tana nema ga mai yi don sayarwa. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.