Kewar Kuntigi Da Gurmi A Zangon Agege

Duk wanda ya zauna Zangon Agege a shekarun 1970 da 1980 ya san hirar dare. Da an sallame Isha'i, 'yan goro da 'yan dako da direbobi sai su kewaye rikoda guda, a yi karo-karo a sayo batir, a saka kaset.

Ba kiɗan fada suka fi nema ba. Taushi da kotso na sarakuna ne, baƙo kuwa abin da ke cinsa kewar gida. Nasu shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, sai Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, wanda begen Jummai da ya rera ya sa gwauraye da dama tagumi. Dattawa na cewa kiɗan bariki ne, amma samari ba su fasa ba. Wanda ya sauko daga jirgin Kano da sabon kaset, ranar shi ne ango.

To, yau samarin nan su ne dattawan. Ɗan Maraya ya rasu a 2015. Waƙoƙin suna nan cikin waya, sai dai kowa shi kaɗai yake saurare. Zaman ne ya watse, alhali a wurinsa ne sabon zuwa kan samu masauki da sana'a, a kuma ji labarin gida. Yaran da aka haifa a Ikko, da yawansu ko kuntigin ba su taɓa gani ba.