Kuka Randa Ce

Duk gidan da ke da randa, ba a tunawa da ita sai ƙishirwa ta taso. Tana can lungu an kifa mata faifai. Yaro ya ɗiba, baƙo ya ɗiba, wanda ya dawo daga gona ya kwankwaɗi moɗa biyu ya wuce. Haka muke yi wa kuka.

Ita kuwa kukar randa ce ta gaske. Cikinta laushi gare shi, yana tsotse ruwan damina ya ajiye, in rani ya shigo sai ta kaɗe ganyenta don kada ruwan ya tafi a banza. A Kordofan ta ƙasar Sudan, inda ake kiranta tabaldi, rarake cikinta suke yi su tara ruwan sama su sha da rani, har iyali kan mallaki kukarsu su bar wa 'ya'ya gado. Wannan laushin ne ma ya raba ta da gatari, tunda ba ta yin azara, ba ta yin gawayin kirki.

Abin da muke ɗiba kuwa, ina iyaka? A tsinko ganye a shanya, a daka, a tankaɗe, uwargida ta barbaɗa a tukunya da hagu tana kaɗa maburgi da dama, har miya ta yi yauƙi ta kama tuwo. Wadda ta san hannunta a inuwa take shanya, domin rana na cinye koren ganyen da wani kaso na amfaninsa. A fasa ƙwame a sami farin garin nan mai tsami da ake damawa da nono, wanda bitamin C ɗinsa ya ninka na lemo. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci, abin da kakanninmu suka tashi suna tsotsa. A ɓare bawonta a tufka igiya, ta sake yin wani. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, kuma jemagun da yara ke jifa su ne ke kai masa barbara.

To, randa fa sai ana zuba mata. Ku duba gonakin garinku: manyan kukoki ga su nan, amma ina ƙanana? Wadda ta tsiro, akuya ta cinye ko garma ta tumɓuke. Manyan kuma kowace shekara a hau a sassare rassan don ganye, har su kasa yin fure, balle 'ya'ya. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin daɗewar kuka ce ke ruɗinmu. Wata a Zimbabwe ta haura shekara 2,400, amma ta faɗi. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna tara daga cikin kukoki 13 mafiya tsufa a Afirka sun mutu, ko manyan sassansu sun rushe.

Shuka ta ba wuya. A jiƙa guntsun a ruwan zafi ko a ɗan kankare shi, a binne, a kewaye da ƙaya. Masu lambu a Mali da Nijar suna cirar ganye cikin 'yan watanni. Don Allah, duk mai cin miyar kuka ya shuka ko da guda ɗaya a daminar bana.