Marmite: Farautar 'daddawar Turawa' a kantunan Abuja

Ma'aikacin da aka taɓa turawa kwas Ingila, ko hadimin da ya taɓa raka maigidansa taro Ostireliya, da wuya a ce bai ci karo da shi a teburin karin kumallo na otal ba. Yakan zauna ne a gefen bota da zuma, cikin 'yar mitsitsiyar roba, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu kamar narkakken cakulan. Mutanenmu da dama sun ɗauka cakulan ɗin ne, suka lafta wa burodi son ransu, suka kai baki, sannan suka shiga waige-waigen inda za su tofar ba tare da Bature ya gani ba. Irin waɗannan sukan dawo gida da labari guda, wai Turawa na shafa kwalta da gishiri a burodi.

Sunansa Marmite a Birtaniya, ɗan'uwansa na Ostireliya kuma Vegemite. Abincin da ya haura shekara 120 a kasuwa bai kamata a yanke masa hukunci da loma ɗaya ba, musamman lomar da aka yi bisa rashin sani. Ga kuma tambayar da ta fi ɗanɗano nauyi ga yawancin masu karanta wannan shafi: daga ina ake samo shi, kuma ya halatta a ci? Waɗannan biyun ne suka sa na shiga nemansa a Abuja.

Na fara da Kasuwar Wuse, layin masu kayan shayi, inda ake cewa in ka rasa abu to ba a shigo da shi ƙasar ba. Na farko ya miƙo mini kwalbar cakulan ta shafawa. Na biyu ya daɗe yana duban hoton da ke wayata, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan na gashi ne ko na takalmi?” Na uku, wani dattijo, shi ne ya gane shi. Ya ce a da yakan ajiye saboda masu dafa wa Turawa abinci, amma ya daina, domin kwalba ɗaya sai ta shekara tana kallonsa. Shi ya ba ni shawarar in bar kasuwa in nufi manyan kantunan da ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke sayayya.

Haka aka yi. Kantuna biyu a Wuse II da ɗaya a Jabi duk ba su da shi, ko da yake a ɗaya an nuna mini gurbinsa a kanta, an ce ya ƙare ba a sake kawowa ba. A wani kanti a Maitama na same shi, can ƙasan kanta, kwalabe uku rak: baƙar kwalba mai ƙiba kamar tulu, murfi ruwan ɗorawa, da hoton tukunya a jikin takardar. Kuɗin 'yar kwalba mai giram 250 zai sayi daddawar da gida zai daɗe yana miya da ita, kuma dalilin a fili yake. Da kuɗin waje ake shigo da shi, masu sayensa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Vegemite kam sai a hannun wata abokiyar aiki na samu, wadda 'yar'uwarta ta yo mata tsarabarsa daga Ostireliya, ta buɗe sau ɗaya ta tura shi bayan kabad.

Mai zuwa nema ya lura da abu guda. Akwai wata kwalba mai kama da wannan sak, sai dai ja ya fi yawa a jikinta, sunanta Bovril. Ita da ruwan naman shanu ake yin ta, don haka maganarta daban ce ga mai kula da yanka. Marmite da Vegemite ba nama a cikinsu.

To da me ake yin su? Da yis, dangin wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Sai dai ba daga gidan burodi ake ɗebo shi ba. Ragowar yis ne da masana'antun giya ke fitarwa bayan sun gama aikinsu. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Justus von Liebig, shi ya gano a ƙarni na 19 cewa ana iya tace wannan ragowa a kafe ta ta zama abin ci. A 1902 aka kafa kamfanin Marmite a garin Burton na Ingila, garin da ya yi suna da masana'antun giya, inda yis ɗin ke samuwa a arha. Sunan kuwa na Faransanci ne, yana nufin tukunyar girki, ita ce wadda ke jikin takardar har yau. Kamfanin Unilever ne ke da shi a yanzu.

Yadda ake sarrafa shi ba wani boyayyen sirri ba ne. Ana zuba wa yis gishiri a ɗumama shi, sai ƙwayoyinsa su narkar da kansu da sinadaran da ke cikinsu. Daga nan a tace, a raba ruwan da ɓawon, a yi ta dafa ruwan har ya kafe ya yi kauri da danƙo, sannan a ƙara ruwan kayan lambu da kayan ƙamshi da bitamin na rukunin B. Abin da ya rage a tukunya ba ya sa maye, komai yawan da mutum ya ci, in ma har zai iya cin mai yawan.

Duk da haka alaƙarsa da masana'antar giya ba tsohon tarihi ba ce, tana nan da ranta. A 2020, lokacin da gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana sayar da barasa saboda annobar korona, sai Marmite ya yi ƙaranci a kantunan ƙasar, domin masana'antun da ke samar da yis sun rage aiki. A nan ne Musulmi mai tsantseni zai tsaya ya yi tunani, kuma yana da gaskiya. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar istihala, wato abu ya rikiɗe ya bar asalinsa har ya koma wani abu daban, misalin da aka fi kawowa shi ne giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan khal. Vegemite yana da shaidar halal a Ostireliya, abin da har ya jawo masa surutai daga masu adawa da tambarin halal a can. Kwalbar Marmite da na saya a Maitama ba ta ɗauke da wannan tambari, abin da ke jikinta shi ne ya dace da masu ƙaurace wa nama. Fatawa ba aikin ɗan jarida ba ce. Abin da ke kaina shi ne in faɗi asalin abin ƙarara, domin wanda zai tambayi malaminsa ya san abin da zai tambaya. A ofishinmu ma wani ya ji bayanin ya ce shi dai ya haƙura, abin da ke da shubuha barinsa ya fi masa kwanciyar rai, kuma babu wanda ya matsa masa.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ya fi tallan kamfanin daraja a wurina. Wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta je Bombay, wato Mumbai ta yanzu, tana binciken wani nau'in ƙarancin jini da ke kashe mata masu juna biyu, musamman matalauta masu aiki a masaƙu. A 1931 ta bayyana cewa Marmite na warkar da shi. Sinadarin da ke yin wannan aiki shi ne daga baya aka gane da sunan folik asid, wanda a yau ake bai wa mata a asibiti in sun je awon ciki. Duk matar da ta taɓa karɓar waɗannan 'yan ƙwayoyi a asibitin Garki ko Asokoro, tana da 'yar alaƙa da baƙar kwalbar nan ko ba ta taɓa ganin ta ba. An kuma sa shi cikin guzurin sojojin Birtaniya tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan yaƙin ne ya katse jigilarsa zuwa Ostireliya, har wani ɗan kasuwa a Melbourne, Fred Walker, ya sa masanin haɗa sinadarai Cyril Callister ya ƙirƙiro nasu. Vegemite ya shiga kasuwa a 1923.

Sai batun ɗanɗano, tunda gani ya kori ji. Mu biyar muka zauna da gasasshen burodi da bota da shayi. Da aka buɗe murfin, ƙamshin da ya taso, ko warin, gwargwadon hancin mai shaƙa, ya yi kama da na ƙanzon tukunyar miyar da ta kafe a wuta. Marmite yana da danƙo da sheƙi, in ka ɗaga wuƙa sai ya biyo ta kamar maɗi. Vegemite ya fi duhu da kauri, ba ya zuba, yana shafuwa kamar man takalmi, don haka tambayar ɗan kasuwar Wuse ba ta rasa hujja ba.

Ka'idar cinsa ita ce ƙaranci. A gasa burodi, a wadata shi da bota tun yana da zafi, sannan a laƙato abin da bai wuce kan wuƙa ba a shafa har ana hango burodin ta ƙarƙashi. A haka, abin da ya fara dukan harshe gishiri ne, mai ƙarfi. Bayansa sai wani garɗi mai zurfi kamar na romon da aka daɗe ana dafawa, sannan ɗan ɗaci a ƙarshe wanda ke daɗewa a maƙogwaro. Marmite yana da ɗan zaƙi-zaƙi a ɓoye. Vegemite ya fi bauri, kuma a bakina ya fi wuyar sabo. Mutum biyu sun ajiye burodinsu bayan gutsira ɗaya, ɗaya ya cinye ya ƙara. Kamfanin ma ya san da wannan rabuwar kai, domin tun 1996 tallansa a Birtaniya ya ginu ne a kan cewa mutane kashi biyu ne game da shi, masu so da masu ƙi, har sunansa ya zama abin kwatance ga duk ɗan siyasar da ya raba kan jama'a.

Wadda ta warware mana zancen wata Hajiya ce da ta kusa ritaya. Ta ɗanɗana a bakin cokali, ta yi shiru, sannan ta ce, “Ku yaran nan, ai wannan daddawa ce. Wa ya ce muku ana shafa daddawa a burodi?”

Maganarta ta fi ƙarfin raha. Daddawarmu kalwa ce da aka dafa, aka sussuke, aka rufe ta kwana biyu ko uku har ƙwayoyin halitta suka farfasa sinadarin gina jikin da ke cikinta. Abin da ke fitowa daga wannan farfasawa, mai sa miya ta yi daɗi, shi ne gulutamet, kuma shi ne dai ke fitowa idan yis ya narke. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908, ya kira ɗanɗanonsa umami, kuma daga bincikensa aka samu farin magin da ke kowane kicin a yau. Ke nan harshen Bahaushe ba baƙon wannan ɗanɗano ba ne, ya san shi tun daga miyar kuka ta farko da aka ɗura masa. Abin da ya zame mana baƙo shi ne mazauninsa. Mu a tukunya muka san shi, a narke cikin ruwa da barkono da albasa, ba tsurarsa a kan burodi da sassafe ba. Bature ma da za a miƙa masa daddawar batso a kan biskit, labarin da zai kai gida ba zai fi namu daɗi ba.

Gargaɗi ɗaya ga ma'aikatan da likita ya riga ya ja wa kunne kan hawan jini, kuma suna da yawa a sakatariya. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin Marmite gishiri ne. Giram 8 da kamfanin ya ƙiyasta a matsayin shafi ɗaya na ɗauke da abin da ya kusa giram ɗaya na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini. Akwai kuma alkama da sha'ir a cikinsa, ga waɗanda jikinsu ba ya karɓar su. Mai niyyar yo tsarabarsa kuwa ya sa shi a babban akwati. Jami'an filin jirgi na lissafa shi cikin kayan ruwa, don haka duk inda dokar mililita 100 ke aiki za a karɓe babbar kwalba daga jakar hannu. Yawan ƙwacewar ne ma ya sa kamfanin ya fito da ƙarama mai giram 70 saboda matafiya.

Ragowar kwalbar Maitama Hajiya ce ta tafi da ita gida. Bayan kwana biyu ta zo mana da kula biyu na dafa-duka, ɗaya da daddawa, ɗaya da rabin ƙaramin cokali na Marmite, ba ta faɗa mana wacce ce wacce ba. Ta Marmite ta fi duhu kaɗan, kuma ba ta buƙaci dunƙule ko ƙarin gishiri ba. Ta daddawa ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba, tun kafin a ɗaga murfi aka gane ta. An cinye duka biyun, amma kular daddawa ce ta fara ƙarewa.