Kalmar "Wergild" a Tsohon Ingilishi: Asalinta da Ma'anarta

Sau da yawa mai fassara tarihin Ingila zuwa Hausa yakan ci karo da kalmar "wergild", nan take ya ce diyya ce. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa fassarar ta yi kusa, amma ba ta cika ba.

Kalmar harɗaɗɗiya ce, daga "wer", wato namiji, da "gild", wato biya. Ma'anarta ke nan kuɗin mutum: abin da mai kisa da danginsa za su biya dangin mamaci domin a kashe wutar ramuwar gayya. "Wer" tushensu ɗaya da "vir" ta Latin. Ta ɓace a Ingilishin yau, sai burbushinta a "werewolf", mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, da kuma "world", wadda asalinta ke nufin zamanin mutum. Ita kuwa "gild" 'yar'uwar "Geld" ce, kuɗi a Jamusanci.

An tsara wannan biya tun a dokokin Sarki Ethelbert na Kent, wajen shekarar 600. A dokokin Sarki Ine na Wessex, wajen 690, an kasa 'yantattu kashi uku: mai sule 200, mai sule 600, da mai sule 1,200. Wato ran babban bafade ya yi daidai da rayukan talakawa shida. Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, sannu a hankali kisan kai ya koma laifin da kotun sarki ke hukuntawa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 12 al'adar ta shuɗe, kalmar ta bi ta, ta zama sai a bakin masana tarihi.

A nan ne bambancin yake. A fiƙihun Malikiyya diyyar namiji Musulmi ɗa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000; sarauta ko dukiya ba su ƙara ta ba su rage ta. "Wergild" kuwa ma'aunin daraja ce, da ita ake sanin matsayin mutum tun yana raye, har ma da nauyin rantsuwarsa a gaban shari'a.

Saboda haka, duk wanda ya fassara ta da diyya, ya kamata ya ƙara da cewa diyya ce gwargwadon matsayi. In ba haka ba, ɗalibi zai ɗauka tsarin biyu ɗaya ne.