A Daidaita Aboboya da Ƙafar Mai Tuƙa Ta

Daga Nima da Mamobi a Ankara zuwa Aboabo a Kumasi, har can Tamale, da wuya a sami zangon da babu yaranmu masu neman abinci da babur mai ƙafa uku. Wasu na tuƙa na fasinja, wasu kuwa na kaya, wato aboboya, mai ɗaukar doya da gawayi da siminti da ruwan leda. Sana'a ce mai rufin asiri, amma muna yawan jin samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai suna kukan gwiwa da ƙugu kamar tsofaffi. Akan ɗora laifin kan ramukan hanya. Sai dai akwai wani dalilin da ke nan ƙarƙashin ƙafar direba.

A babur na fasinja irin Bajaj RE, giya da kuloci duk a hannun hagu suke, birki kaɗai ake takawa. Aboboya kuwa tsarin babur gare ta: giya a ƙafar hagu, birkin baya a ƙafar dama. Yadda mai haɗawa ya ɗaura waɗannan ƙarafa, haka yawanci ake barin su, alhali wani dogo ne, wani gajere. In ƙarfen ya yi sama, kowane taki sai an ɗaga ƙafa gaba ɗaya. In ya yi ƙasa, sai an miƙe yatsu ana lalube. A yi haka sau ɗaruruwa a wuni, ai jiki magayi ne.

Abin ma bai tsaya ga ciwo ba. Mu yi lissafi irin na aji. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya. In direba ya ɓata rabin daƙiƙa wajen ɗaga ƙafa ya nemi birki, ya ci fiye da mita 5 bai fara tsayawa ba, ga buhunan siminti suna tura shi daga baya. A bakin kasuwa ko ƙofar makaranta, mita 5 ɗin nan su ne tsakanin salati da jana'iza.

Gyaran kuwa ba shi da tsada. Da farko direba ya hau ya zauna da takalmin da yake aiki da shi, ba silifa ba, ya sa ƙafa a mataki ya saki jiki. Inda yatsunsa suka sauka, nan ya kamata ƙarafan su kasance.

Ƙarfen giya yana zaune ne a kan sanda mai haƙora, kusa ɗaya ce ta matse shi. A yi wa mazauninsa na yanzu alama, a cire kusar ɗungum, a zare ƙarfen, a matsa shi haƙori ɗaya tak, a mayar a ɗaure tamau. Haƙori ɗaya ba ƙaramin canji ba ne a bakin ƙarfen.

Birki ya fi son hattara, gara a yi shi gaban bakanike. A yawancinsu akwai kusar da ke tsayar da tsayin ƙarfen, da notin da ke bakin sandar birki. A bar masa sarari na santimita 2 zuwa 3 kafin ya fara kamawa, sai fa in littafin babur ɗin ya faɗi wani awo. In babu sararin, birki zai riƙa gogawa yana zafi har ya cinye. Bayan nan a ɗaga baya a ga ƙafafun biyu suna juyawa sakayau, suna kuma kamawa tare, a duba wutar birki ko tana kamawa kan lokaci. Kada a yarda a yanke ƙarfen birki a yi masa walda don neman tsawo.

Kiranmu na ƙarshe ga iyayen gida ne, masu saye su ba yara. Wasu kan hana a taɓa ko noti ɗaya, don gudun a ɓata musu dukiya. Alhaji, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Duk ranar da direba ya canja, a sake awo. Aikin rabin awa ne, zai tsare gwiwar yaro da dukiyarka da ran mai tsallaka titi.